Neman Aure a Gwangwan, Ba Loma a Cikina

Duk faɗin Kantin Kwari an san ni da abu biyu, baki da juriya. Bakin nan nawa ya nemo auren da ba zai ƙirgu ba, har akan ce in na shiga zaure ko gidan ba budurwa sai an ba ni wata daga maƙwabta. Juriya kuwa, tun da likita ya ce ina da ciwon suga na sanar wa 'yan layinmu cewa ni da yunwa mun raba gari, ita ce ma take tsorona.

Abin da likitan ya faɗa kashi biyu ne. Ya ce in yi nesa da tuwo, shinkafa, fura, burodi da danginsu. Sannan ya ce gurbin da suka bari dole in cike shi da nama, ƙwai, kifi, gyaɗa, ganye da mai, kada kuma in kuskura in sha ƙwayar da ya ba ni ciki ba komai. Ni kashin farko na riƙe, don shi ne ake iya yin alfahari da shi a kasuwa. Na biyun Hajiya Rabi ce, maiɗakina, take riƙe mini shi ba tare da na lura ba.

To, sai ga maganar Nasiru, ɗan yayana marigayi, wanda ni na riƙe shi. Aikin koyarwa ya kai shi ƙasar Rogo, ya ga yarinya a Gwangwan, suka daidaita. Waliyyinta, Malam Haruna, ya aiko cewa manya su zo ranar Asabar bayan azahar. Akwai kuma wasu masu neman daga cikin garin Rogo, an ce ƙanin Malam ɗin ya fi karkata gare su. Wato zama ɗaya ne, ko mu samu ko mu rasa.

Fitowa daga Kano

Ranar Juma'a muna sallame asuba Isuhu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan kawuna ne, taubashina, sa'ana, ba ya raga mini ba na raga masa. Hajiya ta miƙo ƙunshi: soyayyen naman rago, dafaffen ƙwai, gyaɗa, da ɗan ƙullin sukari wai ko da jiri zai kama ni.

Na ce, “Hajiya, wa kika taɓa gani ya tafi gidan surukai da guzurinsa? Ai cewa za su yi mun raina tukunyarsu.”

Ta ce, “Su ce. Kai dai ka ci.” Ta cusa shi a jakata.

A hanyar tasha Isuhu ya ja ni gefe. “Alhaji, maganar ciwon nan naka a bar ta a Kano. Mutanen ƙauye in za su ba da 'ya sai sun tono asali har kaka na bakwai. Suka ji suga, za su ce yana bin jini, yaron nan ya rasa.” Na ga gaskiyarsa, muka yi musafaha a kan haka.

Fijo muka samu, aka cusa mu huɗu a baya kamar buhunan barkono. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. A shingen Janguza aka leƙa but aka ce mu wuce. Kafin Rimin Gado hira ta yi daɗi, na buɗe ƙunshin Hajiya na bi fasinja ɗaya bayan ɗaya, har da direba.

Direban ya ce, “Alhaji, kai ba za ka taɓa ba?”

Na ce, “Ni? Ɗan'uwa, ni raƙumi ne, abin da na ci jiya zai kai ni Agadas.” Sukarin ma shi na ba, na ce ya sha shayi.

Karaye

Mun sauka kafin masallaci, muka wuce Unguwar Hajji gidan Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, don ba a wuce ta a sha'anin aure. Goggo mutuniyar kirki ce, amma abin da ya shiga kunnenta da hantsi, kafin la'asar an ji shi a Zariya. Ita ce ta ƙarshe da za a gaya wa ciwona.

Da muka dawo daga Juma'a ta sa aka jere mana tuwon dawa miyar kuka, malmala kamar kan jariri, ga fura ta sha nono. Na zauna ina dangwalar miya da yatsa ina lasa.

Goggo ta kira ni da sunan gida, “Ɗanlami, me ya samu tuwon nawa?”

“Goggo, cikina ne yake ɗan murɗawa, hanya ce.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ka zube fa. Wuyanka ya zama na zabo.” Isuhu kuwa, don ya rufa mini asiri a cewarsa, ya tashi da nasa ya tashi da nawa.

Bayan magariba na zame na nufi bakin tasha neman tsire. Hadari ya riga ni. Na tarar mai tsire ya kife tire yana ɗaure kaya, ya ce ko ƙashi bai rage ba. Na dawo a jiƙe, na kwanta cikina yana kiran sunan Hajiya.

Da safe aka kawo koko ya ji sukari, da waina. Na ce sai anjima. Amma ƙwayar likita, wannan ban tsallake ba, na kora ta da ruwan zafi ina jin kaina mutum mai bin doka.

Daga Karaye zuwa Rogo

Akori-kura ce kawai ta yarda ta bi hanyar, saboda ruwan jiya. Ba mu yi nisa ba ta nutse a taɓo har gindi. Direba ya ce maza su sauko. Na naɗe babbar riga na ɗora a ka, na sa kafaɗa. Mun tura ta fita, ta sake faɗawa, muka sake turawa. A karo na ƙarshe da na ɗago sai na ga gonar dawa ta karkace, ta miƙe, ta sake karkacewa. Na dafa jikin motar.

Isuhu ya ce, “Raƙumi, yaya dai?”

Na ce, “Ƙasar nan ce ba a daidaita ta ba.”

Mun shiga Rogo rana ta take. A bakin kasuwa ba abin da babu: rake, gasasshiyar masara, dafaffen dankali, fanke, duk abin da aka hana ni ya fito ya yi mini layi. Na hango mai balangu, na nufe shi kamar na ga ɗan'uwa. Yanzu ya ɗora naman, jini na ɗiga.

“Alhaji, ka ba ni ɗan lokaci.”

Isuhu ya kama hannuna. “Bayan azahar aka ce. In muka makara, mutanen Rogo ba sa makara.” Na hango mai gyaɗa can tsallaken titi, amma 'yan acaɓa sun riga sun tayar da babura. Na hau. Duk tsawon hanyar Gwangwan rigar ɗan acaɓar na riƙe da hannu biyu, zufa mai sanyi tana bin bayana alhali iska na kaɗawa.

Gwangwan

Mun samu jam'in azahar, aka kai mu zauren Malam Haruna. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ba ya gaggawar magana. A damansa ƙaninsa Malam Iro, fuska ba annuri, sai dattawa uku na gidan. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi hanya, iyali, damina, kasuwa, mutanen birni. Kowace amsa sai na tattaro ta daga nesa.

Sai abinci ya shigo. Dambun masara, tuwo, da ƙwaryar fura. Aka kuma ajiye wani kwano rufe a gefen Malam shi kaɗai. Na ce a raina, ka ga tsoho, ya ware wa kansa kaza ya bar baƙi da dambu.

Malam Iro ya miƙo mini ludayi da hannunsa. A irin wannan zama ko ba ka jin ƙishi sai ka kurɓa, don shi ne alamar ka yarda da gidan. Na san haka sarai. Amma wata uku ina cika baki cewa fura ba ta ratsa maƙogwarona ba, ga kaina ya yi nauyi, tunani ba ya haɗuwa. Na ji bakina ya ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake.”

Malam Iro ya mayar da ludayin a hankali. “To. Furar ƙauye ce, ba lalle ta yi wa mutanen birni ba.”

Isuhu ya damƙi ƙwaryar ya sha kamar zai haɗiye ta, yana yabon nonon, amma ba shi aka miƙa wa ba.

Malam Haruna ya ce, “Bismilla, Alhaji, muna saurare.”

Na gyara zama. Jawabin nan na yi shi ya fi sau hamsin, ko cikin barci zan iya. Na yi salati lafiya. Na ce mun zo ne a madadin ɗanmu, sai sunan Nasiru ya ɓace mini ɗungurungum. Yaron da na yi wa huɗuba da bakina. Na ce ɗanmu, ɗanmu, wannan yaron. Harshena ya yi kauri kamar an cusa mini auduga. Na ji ina cewa muna neman iri, sai kuma na ji ina maganar yadin atamfa da kuɗin dako. Hulata ta jiƙe. Sai dariya ta kuɓuce mini, ba dalili.

Malam Iro ya miƙe tsaye. “Yaya, ka ga abin da nake faɗa maka? Ya ƙi abincinmu, ga shi yana tangaɗi a zaune. Wannan mutumin ya sha wani abu. Gidan mashaya za mu kai 'yarmu?”

Ɗaya daga cikin dattawan ya fara laluben takalminsa. Ina jin komai, ina ganin auren Nasiru yana fita ta ƙofar zaure, amma na kasa haɗa kalma biyu. Na juya wajen Isuhu. Fuskarsa ta zama biyu, duka biyun a firgice.

Isuhu ya durƙusa. “Allah gafarta Malam, wallahi bai taɓa shan ko taba ba. Laifina ne, ni na ce a ɓoye. Ciwon suga gare shi. Tun jiya da asuba ba abin da ya ci sai miyar kuka a yatsa.”

Malam Haruna ya ce, “Ya sha ƙwayar likita?”

“Ya sha da safe.”

Tsohon nan da ba ya gaggawa, sai ga shi a ƙofar cikin gida yana ƙwala kira a kawo zuma. Ya dama ta da ruwa da kansa, ya tallafo ƙeyata. Na tuna na kauda kai ina cewa an hana ni zaƙi. Ya ce, “Sha, Alhaji. Yanzu shi ne maganin.” Na sha. Aka jingina ni da bango ana yi mini fifita. Can sai zauren ya daina juyawa, mutane suka koma ɗai-ɗai, sunan Nasiru ya dawo.

Malam ya jawo kwanon nan da na zarge shi a kai, ya buɗe a gabana. Ba kaza. Kwaɗon zogale ne ya sha ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har yana ƙyalli, an jera dafaffen ƙwan zabi a kai, ga ɗan kwanon kindirmo ba fura.

Ya ce, “Shekarata bakwai da shi. A asibitin Kano aka gaya mini, kamar kai. Da na bar tuwo na zauna haka nan, sai da na faɗi a gona. Mai barin tuwo ba ƙaramin ci zai yi ba, Alhaji, babban ci zai yi, sai dai na wani abin. Sa hannu.”

Na sa hannu. Jama'a, na ci abinci a Makka, na ci a Legas, ban taɓa cin abin da ya kai kwaɗon nan ba. Muka cinye ni da Malam, aka ƙaro ƙwai.

Malam Iro bai zauna ba tukuna. Ya ce, “Amma dai sun ɓoye mana. Kuma abin nan an ce yana bin jini.”

Malam Haruna ya suɗe yatsunsa tsaf kafin ya amsa. “In yana bin jini, Iro, ai namu jinin ma yana da shi, su ma sai su guje mu. Ɓoyewa kuwa, tsoronmu suka ji, kuma sun ga sakamakonta.” Ya dube ni. “Yaron na san shi, yana bin mu salla. Mun ba ku. Jawabin ka bar shi, mun yafe.”

Aka shafa fatiha ina jingine da bango, bakina duk mai.

Komawa gida

A Rogo muka kwana. Washegari kafin mu hau mota na sa Isuhu ya tsaya, na ci ƙwai da balangu a zaune, na cika aljihu da gyaɗa, na sayi ƙullin sukari na soke a hula. Ba wanda na miƙa wa ko ƙwaya ɗaya har Kano. Mun iso bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Haruna da mutanen gidansa, da Goggo Tabawa wadda har yau take bi na bashin bayani.

Nasiru yana tsakar gida yana jira, Hajiya na bakin murhu. Na baza riga na ce, “An ba mu! Ai na faɗa muku, in na buɗe baki a zaure magana ta ƙare. Ko jawabin ban gama ba suka ce sun bayar.”

Isuhu yana kwance igiyar takalminsa, bai ko ɗago ba. Ya ce, “Haka ne, bai gama ba. Hajiya, Malam ya ba ni saƙo in kawo miki. Ya ce ranar ɗaurin aure, don Allah, a turo musu wakilin da ya karya kumallo.”