Mai Alewar da Ta Daina Ɗanɗanawa

A duk Mombasa babu wanda ya ga bayan ƙiba kamar Bi Mwanakombo mai alewa. Likita ya yi mata tiyata ya rage mata tumbi, kilo arba'in ya zube, sukarin jininta ma ya koyi zubewa. Da ta lashi zaƙi, bayan awa biyu sai gumi da karkarwa, a tsince ta a ƙasa. Ita kuwa shekara ashirin da harshe take gane alewa ta nuna.

"Yaya, wallahi kin yi kyau," in ji wata mai saye, tana ajiye ƙunshin alewar da ta ɗauka. "Amma abin da mai shi ke tsoro, shi zan kai wa surukaina?"

Yanzu kowace riga tana shigarta. Tukunyar alewar kuwa ta koma hannun ƙanwarta.