Tsohuwa Mai Hular Sojan Ruwa

A jirgin ruwan Staten Island kowa na ɗaukar hoto, ban da wata tsohuwa baƙar fata mai hular sojan ruwa. Duk sanyin nan ta cire safar hannu, ta manna tafinta a bangon ƙarfe, ido a lumshe kamar ungozoma na duba ciki.

Firdausi, da ta taso daga aikin jinya, ta ɗauka takaba ce ba ta sake ta ba.

"Mama, hular maigida ce?"

"Tawa ce, 'yata. Injiniya ce ni. Jiragen yaƙi na zana musu, suka hana ni hawa, wai ni mace ce."

Firdausi ta ɗora nata hannun. Kullum tana hawa jirgin nan, amma sai yau ta ji bugun zuciyarsa.