Na Kayar da Ɗan Kokawa a Kwarin Barunde

Ni mutum ne da ko iska mai ƙarfi tana iya tuntsurarwa, amma ni na kayar da ɗan kokawar da ya gagari Gombe. In na tuna dariya takan taso mini, sai kuma ta maƙale.

Lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a gari, duk wanda ya kalli fim ɗin Cainis a silima sai ya fito yana harbin iska. Wani Alhaji a unguwarmu ya dawo daga Makka da 'yar kyamarar ɗaukar fim marar sauti, ya rantse sai ya yi nasa. Ina koyarwa a firamare, ga wando fantalo ga suma, sai aka ce ni ne jarumi. Bos kuwa, mugun da ake gamawa da shi a ƙarshe, maƙwabcina ne, ɗan kokawa mai lodin auduga a tashar jirgin ƙasa. Wuya kamar turmi, ga kunyar tsiya. Tun da ya fara shiga fili bayansa bai taɓa ƙasa ba, kuma abin da ya mallaka ke nan a duniya.

A kwarin Barunde muka yi ɗauka. Zoɓo ne jini, bindigogin kuma na katako ne da aka shafa wa baƙin tukunya. Komai ya tafi daidai sai da aka zo wurin da zan kayar da shi. Ina sa masa ƙafa, sai in tsinci kaina a yashi ina kallon sama. Aka sake, haka. Alhaji na ta kumfar baki, fim na ƙarewa.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji ɗan kokawar yana karkaɗe mini riga. "Wallahi ba ni ba ne, ƙafar ce ba ta jin magana."

Da surutu ya yi yawa sai ya ja mu gefe. "Alhaji, wanda ya kalla zai san wasa ne ko?"

"Haba! Wa bai san wasa ba?"

Ni ma haka na ɗauka. Ya runtse ido, na ɗan ture shi, ya zube da baya.

Da aka wanko fim ɗin, aka kafa farin zanen gado a bangon Alhaji bayan magariba. Ana zuwa wurin kayen unguwa ta kaure da ihu, aka ce sai an maimaita, Alhaji kuwa ya yi ta maimaitawa. Kashegari a tasha abokan lodinsa suka fara kiransa wanda malamin makaranta ya kayar. Murmushi kawai yake yi, amma ni abin ya ci mini rai ƙwarai.

Da kaka ta yi aka buɗe fagen kokawa. Ya shiga tsakiyar fili ya tsaya yana jiran takensa, wanda ke cewa ƙasa ba ta san bayansa ba. Tsohon makaɗinsa ya rungume ganga ya yi shiru. Na kutsa cikin jama'a na same shi.

"Baba, wasa ne fa. Ni nake gaya maka, shi ya kwanta da kansa."

"Na ji, Malam. Bayan nasa ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

Na juya maganar ta ko'ina, ban sami mafita ba. "Ya taɓa."

"To, ni ban iya yi wa ganga ƙarya ba."

Haka maƙwabcin nawa ya kama abokin karawarsa ba kiɗa, ya ɗaga shi ya nana da ƙasa. Aka ɗan yi sowa, ya fita bai jira kowa ba.

Na bi shi na cim masa a hanyar gida. Mun kusa ƙofa ya dafa kafaɗata.

"Malam, ka gaya wa Alhaji in zai sake wani fim ina nan. Yanzu na iya faɗuwa."