Yadda Tsintsiya Ya Yi Sarauta a Fadarmu

Shekarun baya, ina lise, wato sakandare, gemu bai ko fara tsiro ba, muna da wata fada a unguwarmu a Gure, ƙarƙashin rumfar zana da ke jingine da katangar gidan wani yayanmu. Yayan nan namu ya yi zaman Libiya, da ya dawo ya zo da tele da injin wasa da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa. Cikin faya-fayan da ya kawo ɗaya ne kaɗai ke kamawa, na wasan faɗa, irin wanda mutum biyu kowa zai zaɓi gwaninsa su gwabza, wanda jininsa ya ƙare ya miƙa manet ga na gaba. In an idar da la'asar kuma akwai kuran, wato lantarki, to can za ka same mu, shayi na kan wuta, mu kuma muna ta ihu.

Sunayen 'yan wasan ba sa shiga bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Gwaggo, akwai Dogon Banza, akwai Mai Wuta. Akwai kuma wani gajere mai faɗin ƙirji da muke ce wa Tsintsiya, don aikinsa ɗaya ne: ya durƙusa ya share maka ƙafa, ka faɗi, kana miƙewa ya sake sharewa. A iya saninmu sharar nan ba ta taruwa. Naushi da shurin sama, in ka danna baya ka tare su. Shara kuwa sai dai ka yi tsalle, in kuma ka yi tsallen a kan idon wanda ya iya, ya tarbe ka da naushi tun ba ka sauka ba.

Wanda ya iya ɗin shi ne abokina. Tun muna ƙanana ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya koma taya mahaifinsa aikin lambu a kwari, ban ruwan albasa da rogo. Ba shi da baki, ba ya ƙwallo, a gidan biki ma in ba ka nuna shi ba ba za a san ya zo ba. Amma in ya zauna a rumfar nan ya goge hannunsa a wando ya ɗauki manet, sai ka ji ana "A ba Sarki wuri!" Kofin shayi na farko nasa ne, ba gardama. Kowa na iya ɗaukar Tsintsiya, mun kuma ɗauka, amma shi kamar yana jin numfashin yatsanka, kafin ka yi tsalle ya riga ya sani. Duk garin nan, wurin nan kaɗai ne ake kiransa da wani suna ban da "kai yaro".

Mu ma muna da namu jerin martaba, a ka yake ba a takarda ba. Tsintsiya ne a sama. Gwaggo na biye don tsallenta da nisa. Can ƙarshe kuwa Mai Wuta, kuma sunan ma na ba'a ne. In an bar injin shi kaɗai yana nuna kansa, sai ka ga Mai Wuta na jefa wuta daga tafin hannu, amma a hannunmu ko hayaƙi bai taɓa fitarwa ba. Haka in kana wasa da injin, sai ka ga ya tsuguna ya tare shara. Ba mu wahalar da kanmu ba, muka yanke hukunci cewa inji ɓarawo ne, ya ɓoye wa kansa wasu dabaru.

Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, a baki ne gwanintata take. Ni ne mai sharhi, ni ne mai cewa "ai da ka yi kaza", in aka ba ni manet kuma kafin shayi ya huce na miƙa ta. Abin da Allah ya hore mini shi ne bin diddigi. Mahaifiyata kan ce in aka ba ni tuwo sai na tambayi gonar da aka noma hatsin.

To sai na samu waya mai shiga intanet. Wata rana ina lalube na faɗa kan jerin da manyan 'yan wasan duniya suka yi na wasan nan namu, sahu-sahu, da bayanin wane ke cin wane. Na duba sahun farko, wa zan gani? Mai Wuta! Na ce to, Tsintsiya na nan kusa. Na yi ta gangarawa, na yi ta gangarawa, sai ga Tsintsiya, sarkin sarakunanmu, can ƙasa, shi kaɗai, kamar wanda aka manta a tasha. Da ɗan faransancina na karanta dalilinsu: wai shararsa a fili take, kowa na tare ta, in aka tare kuma ya shiga uku.

Kowa na tare ta? Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ko dai duniya ce ba ta iya wasan ba, ko mu ne kifin rijiya.

Na kai maganar fada. Aka yi ta dariya. Yayanmu ya ce, "Rabu da su, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Su zo Gure mana!" Wani ya ce ai faifanmu na Larabawa ne, nasu na Turawa, ba ɗaya ba ne. Wani ya ce Sarki ne bai shiga intanet ba, da ya shiga da sun gyara jerin. Abokina bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ko da yake rubutun ba ya karantuwa gare shi, sannan ya ce da ni, "Sun faɗi yadda ake tarewar?"

Na ce, "Ba su faɗa ba. Kamar abu ne da kowa ya sani."

Ya ce, "Uhm." Ya miƙo mini wayata.

Ana nan sai hutun lakwal ya zo, ɗan gwaggona ya sauka gidanmu daga Damagaram. Taubashina ne, ba ma gaisawa sai da tsiya. Da na ba shi labarin Sarkinmu da Tsintsiya, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Taubashi, ku mutanen Gure har wasan ma na raƙuma kuke yi? Kai ni in gani." Ya buɗe jakarsa ya fito da manet tasa, naɗe cikin tsumma kamar ƙwai.

Muka je. Aka ba baƙo wuri, ya cire ɗaya daga cikin namu ya sa tasa. Da ya zaɓi Mai Wuta, rumfar nan ta kaure da shewa. Yayanmu ya ce, "Baƙo, ko a sake maka? Ba ma son a ce mun ci zalinka."

Aka fara. Abokina ya matsa zai yi shara, sai ga wuta fuu daga hannun Mai Wuta. Wani a bayana ya ce, "La ilaha illallahu!" Abokina ya tsallake ta biyu, ya kutsa, ya durƙusa ya kai shara. Sai muka ga Mai Wuta ya tsuguna, ya haɗe hannu, ƙafar Tsintsiya ta bugi banza. Kafin ya janye ta an yi masa ruwan naushi. Shayi ya tafasa ya zube a garwashi ba wanda ya kula. Aka sake, aka kuma sakewa. Abokina na karanta tsalle kamar kullum, amma ɗan gwaggona ba ya tsalle, me zai kai shi? Yana tsugune yana jira.

Kowa na kallon tele, ni ina kallon babban yatsan taubashina. Na ga in shara ta taho ba ya danna baya, ba ya danna ƙasa, sai ya kwantar da yatsan a lungun da ke tsakaninsu, ya danne su tare. In zai jefa wuta kuma sai ya mirgina yatsan daga ƙasa zuwa gaba, ta ɗaya lungun. Na ce a raina, ai mu ma muna danna nan, ko da bisa kuskure ne, me ya sa ba mu taɓa gani ba?

Na ce, "Taubashi, in ka isa ajiye taka ka ɗauki tamu."

Ya ce, "Ko da dutse ne zan ci ku."

Ashe da dutsen za a ba shi. Ya danna, ya murza, ya cije leɓe, wuta ta ce ba ta san zance ba. Abokina ya share shi, ya miƙe, ya sake share shi, har jininsa ya ƙare. Taubashina ya yi wurgi da manet ɗin kan tabarma ya ce, "Wannan ai ba manet ba ce! Me kuka zuba mata?"

Na ɗauka na kai kunne, na danna lungun nan a hankali. Sai na ji ƙaras-ƙaras. Na gwada ɗayar, ita ma haka. Rairayi ne, jama'a. Shekara da shekaru muna ajiye su a ƙasa, rairayin Gure ya shiga ya taru ta ƙasan maɓallin ya daskare. Sama na yi, ƙasa na yi, gaba da baya na yi, amma lungunan ƙasa biyun nan sun mutu, duk a manet biyun. Tarewar shara a nan take, wutar Mai Wuta ma a nan take. Na ji daɗi irin na wanda ƙaya ta fita daga ƙafarsa, har na fara bayani da ɗaga murya. Sai da na juya na ga fuskar abokina sannan na rage murya.

Aka shiga gardama. Yayanmu, da yake injin nasa ne, ya yanke: "Kowane gida da al'adarsa. A fadar nan da manet ɗinmu ake wasa. Mai son wuta ya tafi Damagaram." Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, don ba na son taubashina ya koma da labari, kuma ba na son a taɓa wa abokina abu ɗayan nan da yake da shi. Hutu ya ƙare, baƙo ya naɗe manet tasa ya hau mota. Sarauta ta tsira.

Sai dai Sarkin ne ya daina zuwa. Aka ce aikin lambu ne ya yi yawa.

Wata rana da azahar, rana na dukan tsakar ka, na bi ta gaban rumfar sai na hango mutum a ciki. Abokina ne, zaune shi kaɗai, ya kwance manet ɗin nan biyu da tsinin wuƙa, yana kaɗe cikinsu a kan farantin shayi, yana hurawa, yana gogewa da bakin rigarsa. Rairayin da ya fito bai cika cokali ba.

Na ce, "Kai! Me kake yi haka? Yayanmu ya sani?"

Ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce in na ɓata in biya."

Na ce, "Ka san abin da zai biyo baya kuwa? Kowa zai tare ka. Har ni."

Ya ce, "Shi ya sa na ji daɗi da kai ne ka zo. Zauna."

Ya ɗaure su, muka kunna. Na ɗauki Mai Wuta, shi ya ɗauki Tsintsiya. Ya kawo shara, na kwantar da yatsa a lungu yadda na ga taubashina na yi, na tare. Sauƙin abin har ya ba ni tsoro. Ni da ban taɓa raba shi da rabin jininsa ba, ranar na ci shi, na sake cin shi. Na daɗe ina mafarkin ranar nan, na tanadi kirarin da zan yi wa kaina, amma da ta zo sai na ji ba daɗi. Tausayi ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Shi kuwa ya gyara zama ya ce, "Ƙara."

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga baya ya dawo ya cinye kowa ba. Bai dawo ba. Cikin ɗan lokaci yara suka koyi jefa wuta, jerin fadarmu ya koma daidai da na duniya, sunan Sarki ya bi iska. Abokina ya ƙi sakin Tsintsiya, ya koyi rage shara, ya koyi kamu da jifa, ya koyi haƙuri. Ya zama ɗan tsakiya, yau ya ci gobe a ci shi.

Har yanzu in na ga ana musu a intanet kan wane ne a sahun farko, wane ne a na ƙarshe, nakan yi murmushi in ce ko wane irin rairayi ne a tasu manet ɗin. Amma abin da ya fi tsaya mini ba jerin ba ne. Ni na gano rairayin, na kuma yarda a bar shi inda yake. Abokina da rairayin ya naɗa sarki, shi ya sa wuƙa ya fitar da shi. Na yi ta juya wannan a raina ban gane ba.

Zuwana gida na baya-bayan nan na same shi a rumfar, yanzu da 'ya'yansa biyu da lambun kansa, injin ma an sake wani. Na ce, "Don Allah mutumina, wata tambaya ta daɗe tana cina. Kowa ya yarda a bar maka sarautarka. Me ya kai ka?"

Ya ce, "So nake in san ko na iya."

Na ce, "To ka sani?"

Ya ce, "Na sani mana. Ban iya ba. Ɗauki manet."