Dutsen Sama da Ragon Sunana

"To, wa ya yanka ragon sunan?"

Tambayar da Innata ta jefa wa ɗiyata ke nan jiya, muna shan fura a gida Filinge. Yarinyar ta zo hutu daga Yamai, tana ba Inna labarin wani ɗan dutse da masana suka hango a sararin samaniya yana kewaya rana. Sai da suka yi shekaru suna bin sawunsa kafin su raɗa masa suna.

"Ba rago, Kaka."

Inna ta ƙyalƙyale da dariya, ta nuna ni da ludayi. "Kamar ubanki! Cikin fari anka haife shi, ko akuya ba ta rage muna ba. Fatiha da goro kawai, kuma sunan ya zamna daram."

Har na yi furfura ban sani ba. Ku 'ya'yan shekarun fari, kun taɓa tambayar labarin ragonku?