Ranar da Kaka Ta Kira Sunan Baba

Ni ne mijin Kaka. Duk Wurno an san da auren nan, domin tun ina rarrafe take zagina a kansa. Ta ce kunnuwana sun kai faifai, ta ce ban taɓa kawo cefane ba sai ci. Ni kuma in ce sakinta zan yi in auro mai haƙori. Ranar da ba ta zage ni ba, koko ma ba ya shiga mini.

Yayata ƙaramar malama ce a jami'a a Sakkwato, kuma tana cikin masu koyon bincike kan lafiyar tsofaffi. Tun da ta fara, ko akuya ta yi tari a gidanmu sai ta tambayi shekarunta. Malamarta wata farfesa ce mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ke yawo da ɗalibanta gari-gari, ta zaunar da su gaban tsoho, ta koma gefe tana kallo. Sun yi Achida, sun yi Dinawa. Sai Yaya ta ce a zo gidanmu a ga tsohuwar da ba ta mantuwa. Ni na fi kowa zuga. Na ce Kaka tana tuna kazar da na jefa tun kafin a haife ni.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, Yaya ta fara tambayoyi. Da ta iso wurin sunayen 'ya'ya, sai ta tsallake.

"Don mi?" in ji Farfesa.

"Ranki ya daɗe, Baba ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa."

Gaskiya ne. Kaka 'yar Rabah ce, kunyarta ta Fulani. Baba ya yi furfura, amma "wancan" take ce masa, tana duban bango.

Yaya ta nuna ni. "Kaka, wanga fa?"

Ta dube ni ta daɗe. "Mai kifin Goronyo ne."

Muka kwashe da dariya, ni har da birgima. Aka tambaye ta abin da ta karya da shi, ta ce ba a ba ta komi ba, alhali da hannuna na kai mata koko da ƙosai. Yaya ta ce wasan jika ne, sharri take ja mini.

Farfesa ba ta yi dariya ba. A gabanmu ta ce, a hankali, "Ɗiyata, yau jika na gani, ban ga mai bincike ba. Duk inda ta yi tuntuɓe, kin riga ta kawo uzuri. A gidajenmu ciwon mantuwa bayan kunya da wasa yake ɓuya. Sake farawa. Kada ki taimake ta, kada ki yi dariya. Kai ma, ango."

Yaya ta sake. Kaka tana murza bakin zanenta, tana duban fuskokinmu ɗaya-ɗaya kamar mai neman wanda zai ba ta satar amsa.

Ana cikin haka Baba ya dawo daga fadama, laka har gwiwa. Kafin ya gama sallama, Kaka ta ɗaga kai, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunan yanka, da ƙarfi, har maƙwabta suna ji.

"Ka kai ma maraƙi ruwa?"

Rabon gidanmu da maraƙi tun su Kaka suna Rabah, Baba yana yaro. Ya durƙusa, ya ce, "Na kai, Inna." Sannan ya tashi ya fita zaure, ya daɗe bai dawo ba.

Yaya ta tambaya ko akwai maganin da ke mayar da abin baya. Farfesa ta ce babu, sai kulawa, kuma kulawar ma za ta koya wa Yaya.

Ta koya mata kuwa. Yanzu Yaya kan zo ƙarshen mako, ta hana a bar Kaka kusa da murhu, ta sa a kulle ƙofar baya. An ce ta fi duk ɗalibai iya sauraro, ba ta ƙara cika wa tsoho bakinsa. Ba ta kuma tambayar shekarun akuya.

Ni dai kowace safiya ina kai koko. In tsaya bakin ɗaki in baje kunnuwan nan nawa, in ce, "Tsohuwa, na sake ki! Yau zan auro mai haƙori!"

Sai ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai da ladabi.

"Sannu da zuwa, malam. Masu gidan ba su nan."