Mai Dirowa Daga Rufi

A wani shagon shayi na Hong Kong, Wai-Lin mai kai wa baƙi abinci ta manta da butar da ke hannunta, ta zuba wa wata tsohuwa ido. Ba ta taɓa ganinta ba. 'Yar mitsitsiya ce, gashi fari fat, ƙafar hagu a miƙe kan kujera, ta tasa talabijin a gaba. Tsohon fim ake nunawa na 'yan mata masu takobi, amma kallon nata daban ne. In an hasko fuskar jaruma, sai ta koma kan taliyarta. Da jarumar ta juya baya za ta diro daga rufi, sai tsohuwa ta zabura, tsinken cin abincinta na riga takobin kai sara, tana dariya har da dukan tebur.

Wai-Lin sai saƙe-saƙe take yi. Ko ita ta ɗinka kayan fim ɗin? Ko uwar jarumar ce?

Kwok mai shagon ya kai hannu zai mayar da talabijin ɗin tashar tseren dawakai. Tsinken tsohuwa ya sauka a bayan hannunsa, ko tahowarsa bai gani ba.

"Bari in dira tukuna, yaro," in ji tsohuwa.

Wai-Lin ta matso tana danne dariya. "Kaka, kin san jarumar ne?"

"Fuskar dai tata ce." Tsohuwa ta shafa gwiwarta tana washe baki. "Amma in an zo dirowa, ni ake sakawa a madadinta. Gwiwar da ta dira, ni take wa ciwo duk damina."